Kora Daga Aiki: Me Kotu Take Cewa?

Da na je gida hutun da ya wuce, na tarar da kawuna zaune ba aiki. Shekara shida ya yi yana tuƙa motar wani kamfani, rana ɗaya aka miƙa masa takardar sallama da albashin wata guda. A cikin albashin nan nasa kuwa ake yi mini sayayyar komawa makaranta. Ya rantse sai kotu ta mai da shi. Da na dawo na tambayi malaminmu na darasin Gwamnati ko hakan zai yiwu, ga abin da na fahimta.

A wurin shari'a, aiki iri biyu ne. Na farko shi ne wanda doka ta tsara yadda za a ɗauki mutum da yadda za a kore shi, kamar na ma'aikatan gwamnati da malaman jami'o'inta. Irin wannan ma'aikaci ba a korarsa sai an gaya masa laifinsa, an kuma ba shi damar kare kansa. A 2001 Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 lokacin yajin aiki. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ce ba a bi ƙa'ida ba, a mai da su, a kuma biya su albashinsu na duk shekarun nan.

Na biyu shi ne aikin kamfani ko na ɗan kasuwa, watau irin na kawu. A nan kotu ba ta cika tilasta wa maigida ya riƙe wanda ba ya so ba. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell, a 1993, Kotun Ƙoli ta ce ko da an yi korar ba daidai ba, abin da ma'aikaci zai samu shi ne kuɗin notis da sauran haƙƙoƙinsa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta faɗi notis ɗin leburori da ƙananan ma'aikata: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya in bai kai shekara 2 ba, mako biyu in bai kai shekara 5 ba, daga nan kuma wata guda. Ashe albashin da aka ba kawu ya yi daidai da doka.

Amma ba a nan magana ta ƙare ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ta sami ƙarin iko da gyaran tsarin mulki na 2010. Tun daga nan ta sha yanke hukunci cewa korar mutum ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba rashin adalci ne, har takan sa a biya diyya.

Na rubuta wa kawu wasiƙa na ce komawa aikin da wuya, amma ya kai wa lauya takardar da aka ɗauke shi aiki da ita, don ita alƙali zai fara dubawa. Doka ta ce a ba ma'aikaci wannan takarda cikin wata 3 da kama aiki.

To, 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne masu neman aiki. Kada murna ta sa mu sa hannu a kan abin da ba mu karanta ba. Iyayenmu kuma su adana takardunsu inda gara ba ta kai wa. Allah ya ba kawu wani aikin, amin.