Mai Lalle da Mai Ɗinkin Hula a Idon Ƴan Fim

Duk wadda ke zaman kasuwa a Matameye ta san yadda fim ke juya ciniki. Yau tauraruwa ta fito da wani ɗaurin kallabi ko wani zanen lalle, kafin mako ya zagayo sai ga ƴan mata da hoton a cikin salula suna neman irinsa sak. Haka abin yake tun zamanin kaset, lokacin da finafinan Kano ke shigo mana ta Kwangwalam da Ɗan Barto, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta buɗe ƙofa da Turmin Danya a 1990. Ta wannan fuska babu mai musun cewa fim ya kawo wa masu sana'ar hannu kasuwa. To amma akwai abin dubawa: fim yana tallata adon, yana kuma ɓoye mai yinsa.

Ku lura da bikin aure a yawancin waɗannan shirye-shirye. Za a nuno hannun amarya ya sha zane har gwiwar hannu, a tsaya a kansa ana kiɗa. Mai lallen kuwa, in ma an nuna ta, tana can gefen tabarma, ba suna ba magana, ta ɗiga sau biyu an wuce. Alhali kowace mace ta san abin da ke cikin ƙunshi: a daka lalle, a tankaɗe, a kwaɓa, a ƙunsa, a da can ma a zura hannu cikin zunguru a kwana da shi. Zanen fulawa na yanzu kuma sai mai yi ta duƙa awoyi a kan amarya guda, baya na ciwo, ido na yaji, ga ƙawaye na jiran layi. Haka ɗinkin hula, wanda mai kyau kan ci makonni ana soka allura ɗaya bayan ɗaya. Mai saye da bai taɓa ganin wannan wahala ba, sai dai abin da tele ta nuna masa cikin minti guda, shi ne zai zo ya yi tayin wulaƙanci, har ya ga kamar an cuce shi.

Na biyun ya fi ciwo. Idan mai shirya fim yana so ya nuna mace ta shiga halin ƙaƙa-nika-yi, mijinta ya rasu ko an sake ta, sai ya zaunar da ita a ɗakin ƙasa ya miƙa mata faifai tana saƙa, ko hula tana ɗinki. Ranar da wani Alhaji ya aure ta kuwa, allura da kaba sun ɓace ke nan, sai kujerun falo da makullin mota. Yarinyar da ta tashi tana kallon wannan, wa zai lallashe ta ta zauna kusa da kakarta ta koyi rina kaba da galura ko zanen ƙwarya? Ga shi kuwa a ƙasar Damagaram mata da yawa da wannan aikin suke zubin adashi, suke haɗa kayan ɗakin ɗiyansu, dukawanmu kuma sunansu ya daɗe da ƙetare iyaka.

Ba mu kaɗai ke da wannan kuka ba. A Turai da Amurka akwai masu sha'awar shafa fenti a kan ƴan mitsi-mitsin sojoji da dawaki na roba ko na dalma, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Kamfanin Games Workshop na Ingila, mai wasan Warhammer da ya fito a 1983, da wannan sha'awa yake cin kasuwa. Su ma sau da yawa wasan tele yakan nuna su a matsayin mutanen da ba su iya zama da jama'a ba, ko masu ƙulle-ƙulle, kamar ɗan siyasar nan na House of Cards da aka nuna a 2014 yana jera ƴan sojojinsa a filin yaƙi na wasa. Amma akwai inda aka yi adalci. A cikin The Wire, da aka fara nunawa a 2002, wani ɗan sanda mai suna Lester Freamon yana sassaƙa ƴan ƙananan kujeru da gadaje yana sayarwa da tsada, kuma haƙurin da yake wannan aiki da shi, da shi yake warware binciken da ya gagari sauran.

Irin wannan mutum ne ba mu cika gani ba a namu. Wasannin su Yazi Dogo a nan Nijar, da na su Samanja a Najeriya, sun fi kusa da talaka, haka ma Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, inda ake ganin masu ƙananan sana'o'i da mutuncinsu. Sai dai fim mai dogon zango da za a ce tauraruwarsa mai lalle ce, da sana'arta ta gina gida, abu ne mai wuyar samu, ko da yake tun 2000 aka fara baje kolin SAFEM a Yamai domin aikin hannun mata, inda labarai irin wannan suke jibge.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta nunawa, wanda ya kamata masu sayar da kayan kwalliya su sani. Baƙin dayis da ake zanen fulawa da shi, wani yana ɗauke da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda kan tayar wa wasu mata ƙuraje da ƙuna, har ya bar tabo. Lallen gargajiya ja yake kamawa, kuma sai an ba shi lokaci.

Wasu masu lalle dai sun daina jiran ƴan fim. Sukan jingine salula su ɗauki aikin tun daga ɗigon farko har a wanke, su saka a WhatsApp ko TikTok, don mai zuwa tayi ta fara ganin awoyin da aka ci kafin a shiga maganar kuɗi.