Lambobin Kanu da Ishara a Manhajar Word: Ina Iyakarsu Take?

Duk wanda ya taɓa haɗa kundin digiri, ko rahoton ofis mai kauri, ko takardar kwangila, ya san wahalar lambobi. Babi na uku yana da sassa daga 3.1 zuwa 3.7, can a babi na biyar kuma an rubuta "duba sashe na 3.4". Sai malamin da ke duba kundin ya ce a cusa sabon sashe bayan 3.2. Nan take 3.4 ya koma 3.5, duk inda aka tura mai karatu ya duba shi kuma an tura shi wurin da ba shi ba ne. Manhajojin rubutu irin su Microsoft Word da LibreOffice Writer suna iya ɗauke wa mutum wannan aiki, sai dai dabarar tasu tana da iyaka. Rashin sanin iyakar ne ke sa a ga kundi an yi masa bango mai kyau, cikinsa kuwa lambobi sun hargitse.

Hawa tara, babu na goma

Word ta zo da salon kanun rubutu guda tara, daga Heading 1 zuwa Heading 9, kuma jerin lambobinta mai hawa-hawa shi ma a tara yake tsayawa. Wato za a iya yin 1, da 1.1, da 1.1.1, a yi ta gangarawa har lambobi tara su jeru, daga nan babu gaba. Sauran manhajoji ma kowace da tata katangar. LibreOffice Writer tana kaiwa hawa goma. Google Docs da shafukan intanet shida suke da shi. LaTeX, wadda masana lissafi da kimiyya suka fi amfani da ita, tana da bakwai a tsarin littafi.

Shin tara ya yi kaɗan? A mafi yawan rubutu ya isa har da saura. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 yana da babi 8 da sassa 320, amma idan lauya ya kawo sashe na 36(6)(c), wanda ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa, hawa huɗu kawai ya sauka: babi, sashe, ƙaramin sashe, sakin layi. Marubucin da ya kai ga 2.3.1.4.2.1 ya riga ya ɓatar da mai karatunsa tun kafin manhaja ta tsayar da shi.

Inda taran ke matse mutum shi ne idan rubutu ɗaya yana buƙatar tsarin lamba iri biyu. Babobi suna tafiya da 1, 2, 3, rataye kuma yana son A, B, C, da A.1 a ƙarƙashinsa. Mutum zai iya ƙirƙirar nasa salon kan rubutu don rataye, amma Word ba ta ɗaukarsa daidai da nata. Idan ana son lambar jadawali ko hoto ta ɗauko lambar babi, kamar "Jadawali 4.2", daga cikin kanunta taran nan kaɗai take yarda a zaɓa. Shi ya sa gwanaye ke raba su: na farko zuwa na biyar ko na shida ga babobi, sauran su bar wa rataye.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin lura. Jerin a, b, c na Word bin haruffan Ingilishi yake, ba ya sanya ɓ, ɗ ko ƙ, idan ya yi tsawo kuma sai ya kawo p da q. Amma tsarin da sassan jami'o'inmu suka saba da shi, na fara babi da "1.0 Gabatarwa", yana yiwuwa, domin ana iya umartar hawa na biyu ya fara ƙirga daga sifili. Haka nan ana iya rubuta "Babi na" a gaban lambar hawa na farko sau ɗaya, ta riƙa fitowa a kowane babi.

Abin da ke ɓoye a bayan "duba sashe na 3.4"

Idan aka saka irin wannan ishara ta hanyar Cross-reference, Word tana yin abu biyu. Tana kafa wata ɓoyayyiyar alama a kan kan rubutun da ake nufi, mai suna da ke farawa da _Ref sai jerin lambobi. A wurin isharar kuma tana ajiye umarni cewa a je wurin alamar a ɗauko lambarta. Wanda ya danna Alt da F9 zai ga umarnin a fili. Alamar nan kamar turke take, isharar kuma a jikinsa aka ɗaure ta: in turken ya gusa ta bi shi, in an tumɓuke shi ta rasa madafa.

Iyaka ta farko ita ce isharar ba ta sabunta kanta. Lambobin kanu suna canzawa nan take da an ƙara sashe, amma "duba 3.4" yana nan a 3.4 har sai an zaɓi rubutun duka da Ctrl da A, an danna F9. Ko wannan ma ba ya taɓa bayanan ƙasan shafi, da rubutun saman shafi, da akwatunan rubutu. Su sai an shiga an sabunta su daban.

Ta biyu, idan aka goge kan rubutu aka sake buga shi, alamar ta tafi tare da tsohon. Ba za a ga komai ba sai ranar sabuntawa, sannan wannan saƙo ya fito baƙi ƙirin a tsakiyar jimla: "Error! Reference source not found." Da yake Word tana da zaɓin sabunta irin waɗannan umarni dab da bugawa, sau da yawa a kan takarda ake fara ganinsa, bayan an biya kuɗin bugu.

Ta uku ta fi haɗari domin ba ta da ƙara. Idan mutum ya je farkon kan sashe ya danna Enter don ya buɗe wa sabon sashe wuri, ɓoyayyiyar alamar takan miƙe ta haɗiye sabon layin. Bayan sabuntawa sai isharar ta nuna lambar sabon sashen, ba tare da wani gargaɗi ba. In kuwa alamar ta faɗa kan layin da ba shi da lamba, sai a ga "duba sashe na 0". Maganin wannan shi ne a buɗe sabon layi daga ƙarshen sakin layin da ke sama.

Ta huɗu ta shafi ɗalibai kai tsaye. Akwatin saka ishara fayil ɗin da ke buɗe kaɗai yake gani. Ɗalibin da ya ajiye kowane babi a fayil daban, saboda ɗaya bayan ɗaya yake kai wa malaminsa, ba zai ga sassan babi na biyu ba yana cikin na biyar.

Ba Word kaɗai ba ce

LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina a shekarun 1980 a kan TeX na Donald Knuth, ta bi wata hanya. Marubuci ne ke raɗa wa kowane sashe laƙabi, ya kira shi da laƙabin. Ita ma sai an sarrafa rubutun sau biyu kafin lambobi su zauna. Bambancin shi ne idan ta rasa laƙabi tana saka alamar tambaya biyu a wurin, ta kuma yi gargaɗi a kowane sarrafawa, don haka kuskure ba ya daɗewa a ɓoye.

Abin yi

Babbar matsalar a wurarenmu ba ta kai ga waɗannan iyakoki ba ma. A shagunan buga rubutu da ke kewaye da makarantu, abin da aka fi yi shi ne a buga lambar da hannu, a ƙara wa rubutun kauri, a wuce. A idon mutum kan sashe ne, a wurin manhaja kuwa layi ne kamar kowane layi, ba za ta saka shi a ƙumshiya ba, ba kuma za ta gyara lambarsa ba.

Saboda haka tun daga shafin farko a ɗaura lambobi a kan salon kanun manhajar, a tsaya a hawa uku ko huɗu, a tattara babobi a fayil guda kafin a fara saka ishara. Kafin bugawa a sabunta komai, sannan a binciko kalmar Error da kuma "na 0" a cikin rubutun, a ɗauki wasu isharori a bi su da ido a tabbatar inda suka kai. Sassan jami'o'i da kwalejoji kuma ya kamata su ware wa ɗaliban ajin ƙarshe ko da darasi ɗaya a kan wannan kafin su fara rubuta kundi, domin gyaran tsari a farkon aiki ya fi sauƙi da arha a kan sake buga kundi gaba ɗaya.