Yadda Na Koyi Wasa Sarƙar Injin Zarto

Asabar ɗin da na fara aiki da wani mai saran itatuwa a arewacin Birtaniya, inda nake digiri na biyu kan gandun daji, na danna injin zarto a kan gungume har kafaɗuna suka sage. Gari kawai ke fita, kamar na tuwo. Maigidan ya sa na kashe injin, ya ce sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa, mai zubar da gari ta dakushe.

Ya miƙo mini zagayayyen magagari mai kaurin milimita 4.8, daidai da sarƙarmu. Ana goga kowane haƙori a kusurwar digiri 30, turawa gaba kawai, kuma adadi ɗaya ga kowanne, in ba haka ba yanka zai riƙa karkacewa. Haƙoran hagu har yau wahala suke ba ni.

Inda na kusa halaka shi ne ɗan ƙarfen da ke gaban kowane haƙori, mai ƙayyade zurfin cizo. Kamata ya yi ya gaza haƙorin da milimita 0.65. Ni kuwa na zaftare shi don in gama da wuri, tunda awa 20 kacal bizar ɗalibi ta yarje mini a mako, kuma haya na jira. Bakin injin na taɓa reshe, sai ya yi tsalle baya, ya gifta gefen kunnena.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya cire sarƙar ya jefa a shara, ya zare kuɗinta daga ladan ranar.