Kwalta ta zo, ina hanyar mai keke? Daga Kilomita Biyar zuwa dutsen Bangui

Duk wanda ya zauna a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya san a nan da lissafin kilomita ake kiran wurare. Faransawan da suka kafa garin a 1889, a gaɓar kogin Ubangi, su suka bar mana wannan al'ada. Daga shataletalen tsakiyar gari, wanda ake kira PK0, ake fara ƙirga. Ka bi titin Barthélemy Boganda ka yi kilomita 5, ka iso unguwarmu, PK5 ko KM5, wadda 'yan gari ke ce wa "Sank Kilo", wato Kilomita Biyar. A PK9 gadar kogin M'Poko take, kan hanyar Mbaïki. PK12 kuwa ita ce ƙofar arewa, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Damara da Sibut, ɗaya ta bi ta Boali har iyakar Kamaru.

Ga wanda ke cikin mota, waɗannan lambobi suna ne kawai. Mai keke kuwa a cinyarsa yake jin su. Shi ya sa ni da wasu abokaina da muke fita tuƙin keke bayan sallar asuba a ƙarshen mako, duk inda muka ƙure hawa muka tarar da allo ko dutsen kilomita, sai mun jingina kekunanmu mun ɗauki hoto. Mutane kan yi mana dariya, wai me ye abin ɗauka a tsohon keke da allon da ya yi tsatsa. Amma ga ɗan Kilomita Biyar, hoton nan shaida ce ta cewa hanyar a buɗe take, kuma ya bi ta da ƙarfin ƙafarsa ya dawo gida lafiya.

Inda al'adar ta samo asali

Ba mu muka fara ba. A duwatsun Alps da Pyrénées na ƙasar Faransa, kusan kowace ƙololuwar hanya tana da allo ɗauke da sunan wurin da tsayinsa. Allon Tourmalet yana nuna mita 2,115, na Galibier mita 2,642. Tseren keke na Tour de France ya fara haye Tourmalet a 1910, Galibier kuma a 1911, lokacin hanyoyin duk tsakuwa ne da turɓaya. Yau duk wanda ya hau can da keke, abu na farko da yake yi kafin ya sha ruwa shi ne ya jingina keken a jikin allon ya ɗauka. Sau da yawa ma shi ba ya shiga hoton, keken kaɗai ya isa. Har ƙungiya gare su tun 1972, Club des Cent Cols, wadda ba a shigarta sai mutum ya haye irin waɗannan ƙololuwa guda 100.

Mu a Bangui ba mu da duwatsu masu wannan tsayi, amma muna da namu. Bayan tsakiyar gari akwai dutsen Gbazabangui, lulluɓe da itatuwa, kuma a jikinsa aka kafa sunan birnin da manyan haruffa, ana hango shi daga nesa. Garin da ake yi wa kirari da "la Coquette", wato 'yar ƙwalisa, yana kwance a ƙasa, ga kogi, ga garin Zongo na Kwango a ƙetare. Daga ƙasa muke ɗaukar namu hoton, keke a gaba, haruffan a can sama. Ko nan ma sai da lura, domin sansanin soja na Camp de Roux yana nan gindin dutsen, fadar shugaban ƙasa ma ba ta da nisa, kuma ba a yarda a ɗauki hoton irin waɗannan wurare ba. Baƙon da ya zo ya kama zaro waya ko'ina, to zai sha tambayoyi.

Hoton da ba ya ɗaukuwa a 2014

Kilomita biyar ɗin nan da ke tsakaninmu da tsakiyar gari, mai keke da bai gaggauta ba zai cinye su cikin minti 20. Amma akwai shekarun da suka fi mana nisa da Ndjamena. Daga 5 ga Disamban 2013, lokacin da rikici ya ɓarke a birnin, Musulmin da ba su tsere zuwa Chadi ko Kamaru ba suka tattaru a wannan unguwa. Gadar Jackson da gadar Yakité suka zama iyakar duniyarmu. Wanda ya haye, ba lalle ne ya dawo ba. Kekuna suka koma kayan zirga-zirga tsakanin gida da masallaci da kasuwar Mamadou Mbaïki, shi ke nan.

Ba zan manta da 30 ga Nuwamban 2015 ba, ranar da Fafaroma Francis ya shigo babban masallacin unguwar. Da ya fito, samari a kan babura suka bi ayarinsa har wajen filin wasa na Boganda, wasunsu sun daɗe rabonsu da ganin wannan ɓangare na gari. Bayan nan ma an sha wuya, musamman a 2018 da kuma ƙarshen 2019, lokacin da 'yan kasuwa suka yi arangama da 'yan bindigar da ke karɓar kuɗi a hannunsu. Amma sannu a hankali hanyoyi sun buɗe. Yau yaron da aka haifa a cikin wancan ƙunci yana iya hawa keke ya je bakin kogi ya dawo.

To ka ga dalilin da ya sa ba na ɗaukar hoton keke a jikin allo a matsayin wasa. Abin da ya rage shi ne kada abin da bindiga ta hana mu jiya, gyaran titi ya hana mu gobe.

Titi ya yi kyau, mai keke ya shiga uku

Kada a fahimce ni a baibai, ba wanda ya kai mai keke son kwalta. A ƙasar da hanyoyinta suka kai wajen kilomita 24,000, amma masu kwalta ba su kai 1,000 ba, kowane sabon taku alheri ne. Da rani ƙurar jar ƙasa ce ke cinye sarƙa, da damina kuma taɓo ne ke kama taya ya riƙe. A 'yan shekarun nan an sake shimfiɗa kwalta a wasu manyan titunan Bangui, kuma akwai babban aikin da Bankin Raya Ƙasashen Afirka ke tallafa wa, na hanyar da za ta haɗa Pointe-Noire da Brazzaville da Bangui da Ndjamena, wadda za ta shigo mana ta wajen Mbaïki.

Matsalar ita ce, ramukan da muke kuka da su, su ne birkin direbobi. Titi mai ramuka yana tilasta wa kowa tafiya a hankali, babbar mota da babur da keke da mai tura amalanke duk gudunsu ya zo kusan ɗaya. Da zarar an shafe ramukan, mai mota ya taka wuta, mai keke kuwa ƙafarsa ba ta ƙaru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa a hatsari da kashi 4 cikin 100. Rahotonta na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Sai kuma yadda ake yin titin kansa. A da, idan babbar mota ta matso, mai keke yakan sauka gefe kan ƙasa ya bar ta ta wuce. Yanzu sai ka ga kwalta ta ƙare daidai bakin lambatu mai zurfi, a buɗe, babu ko taku ɗaya na tsira. Inda aka bar ɗan fili kuma, masu tireda da masu faci da motocin da aka faka sun cinye shi. Na taɓa ganin wani dattijo ɗauke da buhun garin rogo a kariyar kekensa, wata tirela ta matse shi har ya faɗa lambatu. Allah ya kiyaye, da kurjewa kawai ya tsira, amma garin ya tafi, kuma da alama shi ne jarinsa na ranar. Direban ko waiwaye bai yi ba.

A hanyar Boali abin ya fi tsanani. Ita ce jijiyar ƙasar, domin ta nan kayan da ke tasowa daga tashar jirgin ruwan Douala suke shigowa, tafiyar kusan kilomita 1,400. Wanda ya ga yadda kaya suka yi tsada a kasuwarmu daga Disamban 2020 zuwa farkon 2021, lokacin da 'yan tawaye suka toshe ta, ya san matsayinta. Amma a kan wannan hanya ce kuma mutanen ƙauye ke turo itace da gawayi da rogo zuwa PK12, wasu a keke, wasu a amalanke. A gangaren Kassango, wanda ya yi ƙaurin suna wajen haɗari, motar da birkinta ya saki ba ta zaɓen wanda za ta kwasa. Mu masu fita don motsa jiki muna da zaɓi, mu juya gida. Mai gawayi ba shi da wannan zaɓi.

Kuma masu keke ƙaruwa za su yi. A Janairun 2023 farashin litar fetur ya tashi daga sefa 865 zuwa 1,300, kuɗin hawa babur da tasi suka bi sahu. Malamin makaranta ko ɗan dako da ke zuwa tsakiyar gari kullum, idan ya samu keke ko na hannu ne, ya huta da wannan lissafi.

Abin da wasu suka yi

'Yan'uwanmu na Kano sun san wannan labari. Garin da kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'antar keke a cikinsa, inda keke yake abin tinƙaho ga malami da ma'aikaci, yau cike yake da gadojin sama da na ƙasa waɗanda aka zana su domin mota. Mai keke da ya iso Ƙofar Nasarawa sai ya yi ta maza. A Abuja ma, a 2001, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya hau keke don ƙarfafa wa jama'a gwiwa, wata bas ta tura shi cikin rami. Idan titi bai kare minista ba, wa zai kare?

Amma akwai waɗanda suka yi dabara. A Wagadugu ta Burkina Faso, garin da ake yin tseren Tour du Faso tun 1987, manyan tituna irin su Charles de Gaulle suna da layi na daban a gefe domin masu ƙafa biyu. Kigali ta Ruwanda tun 2016 take rufe wasu tituna ga motoci da safiyar Lahadi, yanzu sau biyu a wata, jama'a su fito da keke da ƙafa. Faransa kuwa, wadda dokokinmu da yawa daga nata aka kwaso su, ta kafa doka a ƙarshen 1996 cewa duk titin cikin gari da za a gina ko a sabunta, ban da manyan hanyoyin gudu, dole a tanadi hanyar keke tare da shi. Dokar tuƙinsu kuma ta ce mai mota ya bar tazarar mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a wajen gari, idan zai wuce mai keke.

Darasin da ke ciki shi ne lokaci. Sanya hanyar keke a kan takarda, kafin injiniya ya gama zane, ƙaramin kuɗi ne. Bayan an zuba kankare an haƙa lambatu, sai dai a jira wasu shekaru masu yawa.

Abin da muke roƙo

Bangui ba ta rasa fili ba. Titin Martyrs, mai zuwa filin jirgin sama na M'Poko, tsohon filin saukar jirage ne, faɗinsa ya isa a yanka wa keke layinsa ba tare da an takura wa kowa ba. A titin Boganda da na Koudoukou, inda cunkoso ya fi yawa, rufe lambatu da murfin kankare kaɗai zai ba mai keke da mai tafiya a ƙasa wurin tsira. A wajen gari, kafaɗar titi mai kwalta ta mita ɗaya da rabi a kowane gefe za ta raba mai gawayi da tayar tirela. A bakin kasuwanni da makarantu kuma a sa tudun rage gudu, mai alama, wanda direba zai gani da dare.

Mu ma 'yan unguwa akwai namu. Kungiyoyin 'yan kasuwa da limamai da masu unguwanni suna da bakin da hukumar birni ke saurare. Idan an kira taron jin ra'ayi kan aikin titi, kada a bar shi ga masu motocin dakon kaya kaɗai. Mai tireda ya ja teburinsa baya kaɗan. Mai keke ya gyara birkinsa, ya sa fitila ko abin da ke ƙyalli da dare, domin fitilun titi a nan ba abin dogaro ba ne.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Ina ma a ce a irin wannan rana hukumar birni za ta rufe titin Boganda ga motoci na awa uku kacal da safe, daga PK0 zuwa Kilomita Biyar. Yaran Lakouanga da Miskine da Boy-Rabe su shigo mana, namu su fita wajensu. Titin da ya taɓa raba garin gida biyu, babu abin da ya fi dacewa da shi irin wannan.