Osamu Tezuka: Likitan Da Ya Ajiye Allura Ya Ɗauki Alƙalamin Zane

Kusan kowane aji ba ya rasa irin wannan ɗalibin: malami na gaban allo yana bayani, shi kuwa ya duƙufa yana zane a bayan littafin lissafi. Irin wannan yaro ne Osamu Tezuka, mutumin da 'yan Jafan ke ɗauka a matsayin uban manga, wato littattafan labari cikin zane na ƙasarsu, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar ajaminmu.

An haife shi ranar 3 ga Nuwamba, 1928 a Toyonaka, kusa da birnin Osaka, ya tashi a garin Takarazuka. Tun yana firamare yake zana labarai, 'yan ajinsu suna karɓa hannu zuwa hannu. Yana da son ƙwari ƙwarai, har ya ƙara harafin da ke nufin ƙwaro a sunan da yake sa hannu da shi.

Yaƙin duniya na biyu ya same shi yana matashi. Aka tura shi aiki a wata masana'anta, kuma a 1945 ya ga yadda jiragen Amurka suka yi wa Osaka ruwan bama-bamai. Abin da ya gani bai taɓa barin zuciyarsa ba, shi ya sa ƙyamar yaƙi ta cika littattafansa. Ya kuma yi fama da wani ciwo a hannuwansa biyu, wanda saura ƙiris ya raba shi da su. Likitan da ya yi masa magani ne ya sa masa sha'awar likitanci, ya shiga karatun a Osaka.

Sai dai zanen bai sake shi ba. A 1946 wata jaridar yara ta fara buga aikinsa, a 1947 kuma littafinsa Shin Takarajima, wato Sabon Tsibirin Dukiya, ya fito. Kafin nan masu zane kan jera mutane a tsaye cikin akwatuna, kamar kana kallon wasan kwaikwayo daga kujera guda. Tezuka ya aro dabarun sinima: ga mota can nesa, ga ta ta matso, ga ta ta cika akwatin, shafi bayan shafi kusan babu magana. Yaran da suka karanta sun ji kamar hoton motsi yake.

Da taura biyu suka ƙi taunuwa, sai ya nemi shawarar mahaifiyarsa. Ta tambaye shi wanne ya fi so, ya ce zane, ta ba shi goyon baya. A wancan zamani mai zane ba shi da wata daraja kusa da likita, saboda haka ba ƙaramar zuciya ta yi ba. Amma ku lura, bai gudu daga makaranta ba. Ya kammala, ya sami lasisin likita, har ya ƙara da digirin digirgir a 1961.

Aikinsa da ya fi suna shi ne Astro Boy, wanda ya fara a 1952. Labarin wani masanin kimiyya ne da ɗansa ya mutu a hatsarin mota, ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa, sannan ya yi watsi da shi don ya ga ba ya girma. A 1963 kamfaninsa, Mushi Production, ya mayar da shi katun na talabijin mai fitowa kowane mako. Don aikin ya yiwu sai ya rage yawan zane: wani lokaci baki kaɗai ke motsi, ana kuma maimaita tsofaffin hotuna. Nan ne inda ya bar baya da ƙura. Ya sayar da shirin da araha ƙwarai, kuma har gobe akwai masu ɗora masa alhakin ƙarancin albashin masu zanen katun a Jafan. A ganina zargin bai rasa tushe ba.

A 1973 kamfanin ya karye, ga bashi, ga masu cewa zamaninsa ya wuce. A shekarar ce ya fara Black Jack, labarin wani ƙwararren likitan tiyata marar lasisi mai tsawwala kuɗi. Ilimin da ya samo a ajin likitanci ya zuba a ciki, sunansa ya dawo.

An ƙiyasta shafukan da ya zana sun kai 150,000. Ciwon dajin ciki ya kwantar da shi, amma ko a gadon asibiti bai daina zane ba. Ya rasu a Tokiyo ranar 9 ga Fabrairu, 1989 yana da shekara 60, bai kai ga ƙarasa Hi no Tori ba, labarin tsuntsuwar wuta da ya ɗauka a matsayin babban aikin rayuwarsa.