Kyanwar Rumbu da Kyanwar Falo: Yadda Ƙiba Ke Kawo wa Mage Ciwon Suga

A Bande, kan hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Magarya, da wuya a ga kyanwa mai teɓa. Da zarar kaka ta yi an cika rumbuna da gero da dawa da wake, aikinta ya samu. Sai ta laɓe a gindin rumbu, kunnuwa a miƙe, bakin wutsiya kaɗai ke motsi, har kusu ya leƙo. In babu kusu akwai ƙadangare da fara. Kaɗan-kaɗan take ci, sau da yawa a yini, kuma kowace loma sai ta yi mata gudu da tsalle.

Irin wannan cimar ce kamfanonin Turai da Amurka ke ƙoƙarin kwaikwayo a cikin gwangwani, su sayar da tsada bisa umarnin likita. A 2011 masu bincike a ƙasar Holan sun auna abincin magunan da ke ci da kansu a dawa, suka tarar kashi 52 cikin 100 na ƙarfin da suke samu daga furotin yake fitowa, 46 daga kitse, sitaci kuwa 2 kacal.

Halittar mage ta maciya nama ce. Yawunta ba ya narka sitaci yadda na mutum ke yi, hantarta kuma ba ta da saurin kwashe sukari daga jini bayan cin abinci. Aikin da ta saba shi ne haɗa sukarin da jiki ke buƙata daga nama, a hankali, dare da rana. Ko zaƙi ba ta ji, kamar yadda masanan cibiyar Monell ta birnin Filadelfiya suka nuna a 2005. In ta lashe kwanon fura, nonon ne ya ja ta.

Matsalar tana farawa ne idan mage ta shiga birni. A gidajen Damagaram da Maraɗi da Kano, inda ake ajiye ta don sha'awa, abincinta ragowar tuwo ne da shinkafa da taliya, kwanon ba ya rabuwa da abinci, ita kuma ba ta rabuwa da kujera. Mai gida sai ya dube ta yana murna kamar wanda ya ga ragon layyarsa ya yi ɓul-ɓul. Alhali kitsen nan yana toshe aikin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Binciken Margarethe Hoenig a Amurka ya nuna kowane kilo ɗaya da mage ta ƙara yana rage ƙarfin insulin a jikinta da kusan kashi 30 cikin 100, ga dabbar da nauyinta na lafiya bai wuce kilo huɗu zuwa biyar ba. Wani binciken na 1998 ya gano mage mai ƙiba ta ninka mai matsakaicin jiki kusan sau huɗu wajen kamuwa da ciwon suga, muzurun da aka fiɗiye kuma ya fi shiga haɗari. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci ba ƙoshi amma ana rama, wani lokaci ta riƙa taka ƙasa da dukan ƙafar baya maimakon yatsu.

Abincin likita na wannan ciwo iri biyu ne. Na farko an cika shi da dusa-dusa marar narkewa, don ciki ya cika ba tare da kitse ya ƙaru ba, sukari kuma ya shiga jini sannu a hankali. Na biyu, irin su m/d na Hill's da DM na Purina, nama ne ya yi yawa, sitaci kaɗan. A 2006 an gwada abinci mai dusa-dusa da mai ƙarancin sitaci a kan maguna 63 masu ciwon suga tsawon mako 16 tare da allurar insulin. Cikin waɗanda aka bai wa mai ƙarancin sitaci, kashi 68 sun daina buƙatar allura. A ɗaya rukunin, kashi 41. Ba a cika ganin irin wannan sauƙi a kare ba, domin ciwon mage ya fi kama da irin wanda ke kama manyan mutane masu ƙiba.

Sai dai ɗora wa sitaci dukan laifi rashin adalci ne. Wani nazari na Jami'ar Utrecht a 2009 ya nuna kulle mage a ɗaki da rashin motsi sun fi busasshen abinci mai yawan sitaci kawo cutar. Gwangwanin likita ma, in ba a auna ba, ƙiba zai ƙara.

Hana mage abinci kwatsam kuwa ganganci ne. Mage mai ƙiba in ta yi ƴan kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta yakan kwararo ya cushe hanta, ido da dasashi su yi rawaya, ta iya mutuwa. Likitocin dabbobi sun fi son ta rage kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako, wato gram 60 ga mage mai kilo shida, aikin watanni ke nan.

Abincin likita ba kayan kasuwar Bande ko Dungas ba ne, kuma mai mage a karkara ba ya buƙatarsa. Abin da ya fi amfani shi ne ya shafa gefen ƙirjinta: in yatsu suka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, jikin ya yi daidai. In za a ƙara mata abinci, gara dafaffen kifi ko yankin nama da ɗan tumbi a kan tuwo, a kuma raba ta da miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, ko ɗanye ko dafaffe. Wadda kuwa aka ga tana yawan zarya wurin randa tana ramewa, sai a kai ta ga likitan dabbobi a gwada jini da fitsari, tunda ciwon ƙoda ma da irin waɗannan alamu yake zuwa.