Gashin ciwon dajin huhu: sauƙi ga wanda aikin tiyata ya wuce

A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Ƙonni da Illela har Jibiya, mun saba jin an ce wane yana tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sau da yawa sai a ɗauka tarin fuka ne, a sha magani wata 6, daga baya bincike ya nuna ciwon daji ne a huhu, kuma ya bazu yadda wuƙar tiyata ba za ta iya fid da shi ba. Babban mai haddasa shi dai taba sigari ce, wadda katan-katan ɗinta ke bi ta hannunmu.

To, ko da an kai nan, akwai abin yi. Ana gasa ƙarin da na'ura mai harba haske domin ya motse. Gashin irin wannan ba ya warkarwa, kuma bai kamata a ɓoye wa dangi haka ba. Amfaninsa shi ne tsayar da tofar da jini, da rage ciwon ƙirji da tari, mutum ya samu barci, ya ci abinci, ya yi salla cikin natsuwa. Ga sarƙewar numfashi kam sauƙin bai kai haka ba.

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne yawan kwanaki. Wani bincike da hukumar binciken lafiya ta Ingila ta wallafa a 1991 ya nuna gashi sau 2, mako guda tsakani, yana kawo sauƙi daidai da gashi sau 10. Ga wanda jiki ya yi rauni, wannan ragi ne na kuɗin mota da masauki, ɗan jinya ma bai rufe rumfa makonni ba. Amma binciken 1996 ya gano masu sauran ƙarfi da aka gasa sau 13 sun ɗan fi daɗewa, kamar wata 9 maimakon 7. Saboda haka a tambayi likita kai tsaye wanne ya dace.

Bayan gashi akan ji kasala da zafi wajen haɗiye abinci na ɗan lokaci. Kunu da abinci mai laushi na taimakawa. Mara lafiya ba ya komawa gida da hasken a jikinsa, ba laifi ya ɗauki jikokinsa.

A 2021 aka fara gashi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Kafin a kama hanya zuwa can, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya, a fara tabbatarwa na'urar na aiki, a kuma riƙo hoton ƙirji da sakamakon gwajin tsoka.